Tabar Wiwi da Juna Biyu: Amsoshin Tambayoyin da Ake Jin Nauyin Yi a Wajen Awo

A layin awon ciki za ka ji mata suna hirar laulayi da kumburin ƙafa da tsadar kayan haihuwa, amma da wuya ka ji wadda ta ce tana shan wiwi, ko maigidanta na busa ta a ɗakin da suke kwana. Ba don babu ba ne. Rahoton shan miyagun ƙwayoyi a Najeriya na 2018, wanda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 10.6 na shan wiwi, kuma cikin duk mutum huɗu masu shaye-shaye, ɗaya mace ce. Amsoshin nan domin mai ciki ne, da mijinta, da duk mai kula da ita.

Wiwi ai ganye ce, ba ƙwaya ba. Ta yaya za ta taɓa abin da ke ciki?

Zaƙami ma tsiro ne, kuma kowa ya san yadda yake yi da wanda ya sha shi. Abin dubawa shi ne sinadarin da ke cikin ganyen. Wanda ke sa maye a wiwi sunansa THC. Da zarar an zuƙi hayaƙin, cikin 'yan mintuna ya shiga jini ta huhu, wannan jinin kuwa shi ke zuwa mabiyiya ya ciyar da ɗan tayi. Mabiyiya tana tare wasu abubuwa, amma THC cikin kitse yake narkewa, irin waɗannan sinadarai kuma ratsa ta suke yi ba wuya.

Jikin ɗan Adam yana ƙera nasa sinadarai masu kama da na wiwi, kaɗan-kaɗan, a lokacin da ake buƙatarsu. A jikin ɗan tayi suna cikin abin da ke nuna wa ƙwayoyin ƙwaƙwalwa inda za su dosa da waɗanda za su haɗu da su. Suna da hannu kuma a yadda ciki ke kama bangon mahaifa tun farko, da yadda mabiyiya ke ginuwa. THC yana zuwa ya zauna a gurbinsu, da yawa, ba a kan lokaci ba, ya kuma daɗe bai tashi ba. Kamar magini ne yana tsakiyar aiki, wani baƙo ya shigo yana ta bai wa leburori umarnin da ba ya cikin zane.

Sai kuma hayaƙin kansa. Duk abin da aka ƙona yana fitar da iskar gawayi mai guba, irin wadda ke kashe mutanen da suka kwana da janareta a ɗaki. Tana kama jini fiye da iskar shaƙa sau ɗari biyu da wani abu. Mai shan wiwi yakan ja hayaƙi har can ƙasan huhu ya riƙe shi, shi ya sa nadi ɗaya na wiwi yake ƙara wannan guba a jini ninki-ba-ninki fiye da karan sigari ɗaya. Duk abin da ya ragu na iskar shaƙa a jinin uwa, daga rabon ɗan tayi ma ya ragu.

Me aka gani a jikin jariran da iyayensu suka sha?

Abin da ya fi fitowa fili shi ne ƙarancin nauyi. Majalisar masana kimiyya ta ƙasar Amurka, a babban rahotonta na 2017, ta ce akwai hujja mai ƙarfi da ta haɗa shan wiwi da ciki da haihuwar jariri mara nauyi. Ana cewa jariri bai kai nauyi ba idan ya gaza kilo 2.5.

Na biyu, haihuwa kafin lokaci. Wani bincike da aka buga a 2019 ya duba mata sama da dubu 660 a lardin Ontariyo na Kanada. Cikin masu shan wiwi, kashi 12 cikin ɗari sun haihu kafin mako 37. Cikin waɗanda ba sa sha, kashi 6 ne. Da masu binciken suka daidaita shekaru da shan sigari da sauran bambance-bambance, tazarar ta ragu amma ba ta ɓace ba. Sun kuma ga ƙarin kwantar da jarirai a sashen kulawa ta musamman, da ƙarin rabuwar mabiyiya da mahaifa kafin haihuwa.

Wani zai ce ai tazarar ba ta da yawa. A Kanada ke nan, inda kwalbar bakwaini ke jiran jariri kuma wuta ba ta ɗaukewa. A nan kuwa zazzaɓin cizon sauro da ƙarancin jini tuni suke rage nauyin jarirai, kuma ba kowane asibiti ke da kwalba ba. Jaririn da aka ɗora wa wiwi a kan waɗannan, ragin da ake gani ƙarami shi zai iya raba shi da komawa gida a zanen goyo.

Wasu jariran kan fito da karkarwar hannu, da yawan firgita, da kuka mai tsini, da barcin da ba ya nisa a kwanakin farko.

Idan aka haife shi lafiya ƙalau, shi ke nan an tsira?

Ba lallai ba. Akwai bincike biyu da suka bi yara tun suna ciki har suka girma, ɗaya an fara shi a Otawa ta Kanada a 1978, ɗaya a Fitsbag ta Amurka a 1982. Yaran ba su fito da tawaya da ido ke gani ba. Abin ya bayyana ne da suka shiga makaranta: rashin natsuwa a kan aiki ɗaya, gaggawar aikata abu ba tunani, saurin mantuwa, da wahalar warware abin da ke buƙatar tsari. Irin yaron da za a yi ta duka a makarantar allo da ta boko ana cewa ba ya ji.

A lura kuma, iyayen waɗannan yaran wiwin da suka sha ba ta kai ta yanzu ƙarfi ba. A Amurka, wiwin da jami'ai suka kama a 1995 tana ɗauke da THC kusan kashi 4 cikin ɗari; zuwa 2014 ta kai kusan kashi 12. Ire-iren da samari ke kira laud ko sikonk an shuka su ne musamman don ƙarfi. Ita kuwa kolos, sau da yawa ba wiwi ba ce tsantsa, ganye ne da aka fesa wa sinadaran roba, kuma tana jawo farfaɗiya da gushewar hankali da ciwon ƙoda ga babba ma, balle ɗan tayi.

Sau ɗaya ko biyu a mako fa?

Babu wani adadi da likitoci suka tabbatar ba ya cutarwa. Illar tana ƙaruwa da yawan sha, gaskiya ne, amma THC yana ɓuya a kitsen jiki yana fitowa a hankali. Mai sha jefi-jefi ana ganinsa a fitsarinta na 'yan kwanaki, mai sha kullum har wata guda. Wadda ke sha duk Juma'a, da wuya jikinta ya rabu da shi kafin wata Juma'ar.

Na sha kafin in gane ina da ciki. Me zan yi yanzu?

Ki daina yau. Yawancin matan da suka sha a makonnin farko suka daina suna haihuwar 'ya'yansu lafiya, kuma ƙwaƙwalwar ɗan tayi tana ci gaba da ginuwa har ranar haihuwa da bayanta, don haka ko a wata na bakwai kika daina, an samu riba.

Ki fara awo da wuri, kafin ciki ya wuce mako 12, ko da na fari ne kuma kina jin kunyar a sani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar zuwa awo sau takwas. Ki riƙa shan folik asid, maikirogiram 400 kullum, da maganin ƙarin jini. Ki karɓi maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake bayarwa daga wata na huɗu, ki kwana a gidan sauro. A yi sikanin tsakanin mako 18 da 22 don duba halittar jariri, a kuma nemi wani a watannin ƙarshe don auna girmansa.

Babu abin da ke wanke THC daga jini. Tsamiya da lemon tsami da madara da jiƙe-jiƙen sassaƙe duk ba sa yi, wasu jiƙon ma su ne ke jawo ɓari. Lokaci ne kaɗai ke fitar da shi.

Laulayi ne ke wahalar da ni, kuma ita kaɗai ke tsayar min da amai. Akwai madadi?

Wannan ce hujjar da aka fi ji, kuma ba ƙarya ba ce cewa wiwi kan kwantar da tashin zuciya na ɗan lokaci. Sai dai akwai hanyoyin da aka gwada a kan masu ciki aka ga ba sa cutar da jariri. Laulayi yakan fara wajen mako na 6, ya tsananta wajen mako na 9, ya lafa wa yawancin mata tsakanin mako 14 da 20.

Ki fara da abinci. Cikin da babu komai ya fi tayar da zuciya. Ki ajiye busasshen biskit ko gasasshen burodi a gefen gado, ki ci kafin ki ɗaga kai da safe, ki jira minti 15 kafin ki tashi. Ki ci kaɗan-kaɗan duk bayan awa biyu maimakon tuwo mai yawa sau biyu. Kada ki haɗa ci da shan ruwa. Ki bar rabin awa a tsakani, sannan ki riƙa kurɓa. Abinci mai sanyi ya fi mai tururi sauƙin shiga don ba ya ƙauri. Idan warin suyar albasa ko daddawa ne ke tayar miki, a ba wata girkin na 'yan makonni. Wannan ba son jiki ba ne.

Citta tana taimakawa. Ki yanka ɗanya kamar tsawon gaɓar babban yatsa, ki jiƙa a ruwan zafi minti goma, ki sha a hankali. Idan garinta ne, kusan giram ɗaya a yini, a raba shi kashi huɗu.

Idan bai isa ba, sai bitamin B6, miligiram 10 zuwa 25, sau uku a yini. Likita na iya haɗa shi da doksilamin, ko ya rubuta firometazin ko metokilofiramaid. Waɗannan ba na saye a kemis da ka ba ne, a bari ma'aikacin lafiya ya rubuta. Maganin ƙarin jini kansa yana tayar wa wasu zuciya; ki gwada shansa da dare bayan abinci, idan ya ƙi ki faɗa a wajen awo, za a iya dakatar da shi na ɗan lokaci a bar miki folik asid.

Idan kika yi awa 24 ko ruwa ba ya zama, ko fitsari ya yi kaɗan ya yi ja, ko jiri na ɗibarki in kin miƙe, ko kin rame a fili, wannan ya wuce laulayin gida. Ki haɗa ruwan gishiri da sukari na leda, ƙulli ɗaya a lita ɗaya, wato ledar fiya wata biyu, kina kurɓa a hanya, ki tafi asibiti a yi miki ƙarin ruwa.

An ce wiwi da kanta tana sa amai. Da gaske ne?

Da gaske ne, kuma nan mata da yawa ke faɗawa tarko. Likitoci a Ostareliya ne suka fara bayyana wannan ciwo a 2004. Yana kama wanda ya daɗe yana sha kusan kullum: amai babu ƙaƙƙautawa da murɗar ciki, ya zo ya yi kwana biyu ko uku, ya tafi, ya dawo. Mai ciki sai ta ɗauka laulayi ne, ta ƙara sha don ya lafa, shi kuma ya ƙara tsananta.

Alamarsa ɗaya ce mai ban mamaki: wanka da ruwan zafi yana kwantar da shi na ɗan lokaci. Idan kin ga kina dafa ruwa sau huɗu sau biyar a yini kina kwarara wa ciki don ki samu sauƙi, ki gaya wa likita wannan maganar yadda take. Magungunan amai na yau da kullum ba su cika yi masa aiki ba, daina wiwi ne maganinsa. Yawan zama a ruwa mai tsananin zafi a watannin farko ma ba shi da kyau ga ɗan tayi, domin yana ɗaga zafin jikin uwa.

To in ban busa ba fa, na dafa ta a shayi ko na zuba a abinci?

Kin kauce wa hayaƙi, ba ki kauce wa THC ba. Ta ciki ma ta fi wuyar aunawa. Wadda aka busa tana kamawa cikin mintuna ta saki bayan awa biyu zuwa uku. Wadda aka ci kuwa sai ta yi rabin awa zuwa awa biyu ba a ji komai ba, mutum ya ƙara, sannan duka su taso lokaci ɗaya. Hanta tana juya ta zuwa wani sinadarin mai ƙarfi, mayen ya kai awa shida ko takwas, da bugun zuciya da firgici da jirin da ke iya kayar da mai tsohon ciki.

Tukunyar shisha ba ta raba hayaƙin da gubarsa. Gawayin da ke kanta ma ƙara gubar hayaƙi yake yi. Man CBD, wani sinadarin da ake cirowa daga wiwi, da ake tallatawa a intanet da sunan ba ya sa maye, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi masu ciki da masu shayarwa a kansa tun 2019. Sau da yawa abin da aka rubuta a kwalbar ba shi ne a ciki ba.

Kanada da Jamus sun halatta ta. Da tana cutarwa za su yi haka?

Kanada ta halatta a 2018, Jamus a 2024, amma giya da sigari ma halal ne a dokokinsu, kuma ba wanda ke ba mai ciki shawarar ta sha. Hukumomin lafiyar Kanada ɗin da kansu suke gargaɗin masu ciki. A Najeriya da Nijar kuwa har yanzu laifi ne a doka.

Idan na daina farat ɗaya, ba zai girgiza cikin ba?

Wiwi kaɗai, ana iya yanke ta rana ɗaya ba tare da haɗari ga ciki ba. Sai dai wadda ta saba sha kullum ta shirya wa mako biyu masu wuya. Daga kwana ɗaya zuwa uku za ta fara jin ɓacin rai ba dalili, da rashin barci, da munanan mafarkai, da rashin cin abinci, da gumi, da ciwon kai. Abin yakan kai ƙarshen tsananinsa a makon farko, ya sauka a na biyu. Barci ne ke daɗewa bai daidaita ba, wani lokaci har wata guda.

Ki fitar da ragowar ganyen da takardar naɗi da ashana daga ɗaki tun ranar farko. Ki san lokacin da kika saba sha, in bayan la'asar ne ko in gida ya yi shiru da dare, ki cike shi da wani abu: tattaki, ko zama wajen 'yar'uwar da ta san halin da kike ciki. Sha'awar takan taso ta lafa cikin rabin awa idan ba a biye mata ba. Ki rage shayi mai kauri da goro da yamma. Ciwon kai a sha farasitamol, ban da ibufurofen da daikulofenak. Kada ki sayi maganin barci a kemis. Kuma kada ki maye gurbinta da sigari. An gudu ba a tsira ba ke nan.

Ga inda ake kuskure mai tsada. Idan tare da wiwi kina shan tiramol, ko kodin, ko rafanol, ko baliyam, ko giya kullum, waɗannan ba a yanke su farat ɗaya da ciki. Janye su da gaggawa na iya kawo jijjiga ga uwa, ko naƙuda kafin lokaci, ko mutuwar ɗan tayi. Likita ne ke rage su mataki-mataki. Akwai sashen da ke wannan aiki a asibitocin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau a Kano, da kuma asibitocin koyarwa.

Ni ba na sha, maigidana ne ke sha a ɗaki.

Hayaƙin da ya fesar yana ɗauke da THC da gubar ƙuna. An gwada a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka: aka zaunar da waɗanda ba sa sha tare da masu sha a rufaffen ɗaki na awa ɗaya, aka samu sinadarin a jininsu da fitsarinsu. Ɗaki ɗaya mai ƙaramar taga, an rufe ƙofa don sauro ko sanyin hunturu, shi ne irin wannan ɗakin. Turaren wuta yana rufe wari ne kawai, fanka kuma juya hayaƙin take yi.

Malam, in ba za ka iya dainawa yanzu ba, mafi ƙarancin abin da za ka yi shi ne ka fita waje can nesa da ɗaki, ka sauya riga ka wanke hannu da baki kafin ka shigo. Ka kuma tuna naƙuda ba ta sallama. Ranar da za ta zo da tsakar dare, kai ne mai neman abin hawa da mai ba da jini. Masu neman haihuwa su ma su sani: wani bincike a Denmak a 2015 ya samu cewa samarin da ke sha fiye da sau ɗaya a mako yawan ƙwayoyin maniyyinsu ya gaza na sauran da kusan kashi 29 cikin ɗari.

Zan iya shayarwa ina sha?

Nono yana da kitse, don haka THC yana taruwa a cikinsa. A Jami'ar Kalifoniya da ke San Diyago, a 2018, an same shi a nonon masu sha har kwana shida bayan sha na ƙarshe. Wani binciken a 2021 ya same shi har bayan mako shida. Tatse nono a zubar na yini ɗaya ba ya fitar da shi. Jaririn da ke samunsa kan yi yawan barci, ya kama nono da rauni, nauyinsa ya ƙi hawa.

Amsar ita ce a bar wiwi, ba a bar nono ba. Inda ruwa mai tsabta da madarar gwangwani suke da wuya, cire jariri daga nono yana jawo gudawa da tamowa. Ki ba shi dakashi tun awar farko, ki ci gaba da nono zalla wata shida. Wanda ya sha wiwi kuma, uwa ko uba, kada ya kwanta shimfiɗa ɗaya da jariri, don nauyin barci na sa a danne shi ba a sani ba.

In na faɗa wa nas, ba za ta tona min asiri ba?

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta wa ma'aikatan lafiya a Najeriya sirranta bayanin mara lafiya, sai a wasu 'yan wurare kamar umarnin kotu. Ba sai kin faɗa a gaban layi ba. Ki ce, "Sista, ina da magana, amma mu biyu." Ki faɗi abin da kike sha, sau nawa, da ranar ƙarshe. In wadda kika samu ta yi miki gori, ki nemi likita ko wata ungozomar. Gorin ba ya cikin aikinta.

Faɗin yana da amfani ranar haihuwa. Wiwi tana ƙara bugun zuciya, tana taɓa hawan jini, kuma mai sha kullum takan buƙaci maganin kashe zafi fiye da sauran mata. Idan za a yi miki fiɗa, mai allurar baya ko ta barci yana buƙatar sanin yaushe kika sha na ƙarshe kafin ya auna magani. Kada ki sha da sunan rage zafin naƙuda.

Wace alama ce in na gani ba zan jira ranar awo ba?

Zubar jini kowane iri. Ciwon ciki mai tsanani da cikin ya yi tauri kamar dutse bai saki ba. Fashewar faya ko ciwon mara mai zuwa yana dawowa kafin wata tara. Ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi ko kumburin fuska. Jin muryoyi, ko zargin ana binki, ko tunanin cutar da kanki. Sai raguwar motsin jariri: daga mako 28, idan kika ji ya yi shiru, ki sha wani abu mai sanyi, ki kwanta ta gefen hagu, ki ƙirga. In bai motsa sau goma cikin awa biyu ba, ki ɗauki katin awonki ki tafi asibiti a daren, kada ki bari sai gari ya waye.